Kukun Gida Uku

Kalmar da ta fi kowace ɓata mini rai a duniya ita ce kuku. Jikokina sun gane, in suna son tsokanata sai ɗaya ya faɗe ta a gabana, in tashi in bar musu wurin, su yi ta dariya suna cewa rigimar tsufa ce. Ba tsufa ba ne. Ni na san abin da na yi da kalmar nan, kuma tunda waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga ni, gara in faɗa da bakina kafin wani mai kirki ya zo ya gyara mini labarin.

Mahaifina fatoma ne, wato mai saukar da fatake, kuma ba ƙaramin fatoma ba. Masaukai uku gare mu, ɗaya a Wurno, ɗaya a Rabah, ɗaya a Goronyo, mutane kan haɗa su su ce Gida Uku. Wanda ya taso daga arewa da raƙuma ko jakai zai sauka Goronyo, washegari ya iso Wurno, in ya gama cinikinsa ya wuce Rabah, duk yana hannunmu. Kowane gida da wakilinsa, amma tukunya ɗaya ce. Abin da aka samu Wurno ake kawo shi, daga Wurno ake raba hatsi da shinkafa da man shanu, daga nan ake cewa a yi ko a bari. Kada wani ya ɗauka irin rumfar nan ce da ake zube fatake a kan tabarma. Soraye ne masu daɓe, an shafe su da farar ƙasa, kowane ɗaki da gadonsa da katifar rimi da gidan sauro, abin da a lokacin ko gidan hakimi ba kowane ɗaki ke da shi ba. Da safe akwai ruwan ɗumi na wanka. Doki na da barga, raƙumi na da inda zai durƙusa. Manyan dillalan fatu da masu goro da attajiran da ke zuwa Wurno ziyara, in ba su sami ɗaki a wurinmu ba sai su ce tafiyar bana ba ta yi daɗi ba.

Sunan mahaifina ake kira a duk wannan, amma mai abin yayarsa ce, Goggo. Mijinta ya rasu ba ta haihu ba, ta dawo gida da shanun da ta gada, ta ce ita aure ya ishe ta haka nan. Shanun nan ta sayar aka gina soron farko na Wurno, kuma abin da soron ya haifa shi ya gina na Rabah da na Goronyo. Mahaifina na da baki da fara'a, ya san kowane dillali da halinsa, shi ke zama zaure. Ita tana cikin gida da makullan rumbuna ɗaure a gefen zanenta. Da Nasara suka zo ƙidayar gidaje don haraji, malamin da ke rubutu mai gida ya tambaya, bai tambayi mai shanu ba, sai aka rubuta mahaifina. Ba wanda ya damu, don Wurno kaf an san gaskiya.

Ni kaina ba zan ce ban sani ba, nan ne ma abin ya fi ciwo. Wata rana da hantsi, bayan damina, muna duba inda katanga ke son yaɓe, mahaifina ya dafa bango ya ce mini, “Gidajen ga, suna nawa na, gini nata na. Kak ka mance.” Na ce na ji. Lokacin har na yi aure, ba za a ce ƙuruciya ce ta sa maganar ta wuce ni ba.

Ita ta raine ni kuma. Uwata ta rasu ina goye, Goggo ta kwance ni daga wannan bayan ta ɗaura a nata. Har na yi gemu ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai “na Goggo”, haka kuma gari ya ɗauka yana kirana.

Akwai wata al'ada a gidanmu da sai na bayyana ta, don in ba a san ta ba ba za a gane ƙarshen maganar ba. Goggo na da wata ƙwarya mai zane, da faifanta na rufi, ana ce mata ƙwaryar baƙi. Duk wanda ya sauka, ko attajiri ne ko mai korar jakansa, kafin a sauke kaya ita da kanta za ta fito da farau-farau mai sanyi a ƙwaryar nan, ta durƙusa ta miƙa, ta ce, “Sannunku da hanya, kun zo lahiya?” Baƙo ya sha, ya rufe, ya miƙa da hannu biyu ya yi godiya. Daga nan ya shiga amanar gida, ba a tambayarsa kwana nawa zai yi. Ɗan gida kuwa ba a kawo masa ruwa. Ko daga Gwanja ka dawo, ka san inda randa take, ga moɗa a kanta. Ina tuna sau ɗaya na dawo daga Sakkwato a galabaice na ce a ba ni ruwa, ta ce ko ƙafata ta karye ne a hanya.

Sakkwaton nan ita ta juya mini kai, ko in ce na je na juya kaina, don garin bai yi mini komai ba. An sa ni elementare, daga baya na yi shekaru ina malamin kanti, ina auna yadi ina wa Bature “yassa, yassa” kamar aku. Da mahaifina ya rasu na dawo Wurno da takalmi sau-ciki da agogon hannu, ina ganin kowa a garin barci yake yi. Takardar haraji ta koma sunana, ni kaɗai ne ɗansa. Na zauna a zaure inda yake zama, amma ban iya zaman ba. Bafatake zai fara ba ni labarin jakinsa da ya yi ɗingishi tun daga Goronyo, ni kuwa ina duban agogo.

Gaskiya ɗaya zan faɗa don kaina, ba don in wanke laifi ba. Zamani ya soma juyawa. An gyara hanyar mota ta Marnona, manyan motoci sun fara shigowa, tafiyar da ake kwana uku a kanta ta koma ta yini. Fatake sun ragu, ba ƙarya. Ni kuma mota nake so, irin babbar nan mai ɗaukar buhunan albasa da gyaɗa. In na ji ƙararta daga nesa sai zuciyata ta tashi. Ina cikin wannan hali sai wani kamfanin Turawa mai sayen fatu da gyaɗa ya aiko mini da tafintansa, wani Bakano mai santsin baki da hula a karkace. Ya ce suna son Gida Uku gaba ɗaya, ba ɗaya ko biyu ba. Suna son inda Turawansu da wakilansu za su riƙa sauka in sun fito rangadi, don barikin gwamnati ko kusa bai kai gidajenmu ba. Abin da bai faɗa ba, amma ko wawa ya gane, shi ne duk mai fatar da ya sauka gidanka a hannunka zai sayar. Ya ƙara da cewa a dokar Nasara ba a sayar da ƙasa. Abin da za su saya shi ne gini, da sunan gidajen, da kayan ciki, ma'aikata kuma su ci gaba da aikinsu a ƙarƙashin kamfani.

Na shiga cikin gida na sami Goggo tana sheƙar shinkafa, na kwashe duka na faɗa mata, har da yadda zan gina mata ɗaki a Sakkwato ta huta. Ta saurare ni har na gama ba ta ajiye faifai ba. Sannan ta ce fatake sun ragu amma ba su ƙare ba, kuma wanda ya rage shi ya fi bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa. Ta lissafa mini matan da ke daka a gidajen, da Fulanin Kwargaba da ke kawo nono, ta tambaye ni ko na yi shawara da su. A ƙarshe ta ce, “Na Goggo, ba a saida ƙohwar da baƙo yas sani.”

Ni mutum ne mai saurin fushi, har yau ban warke ba. Zuciya ta ɗebe ni na ce mata ai takarda sunana ke ciki, kuma takarda Nasara suka sani, ba su san saniya ba. Ta ɗago ta dube ni, dubawa ɗaya, ta ci gaba da sheƙarta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi, don zagi na iya ramawa. Na fita ina huci, na aika wa tafinta cewa su zo su ga gida.

Ranar da Baturen kamfanin ya zo na sa aka fito da kujeru zaure, abin da mahaifina bai taɓa yi ba. Na sa babbar rigata, na janye hannunta sama don agogo ya fito. Goggo ta san abin da ya kawo shi sarai, amma baƙo baƙo ne. Ta fito da ƙwaryarta ta durƙusa ta miƙa masa. Ya taɓa leɓe kawai, don su tsoron ruwanmu suke yi, ta karɓa ba ta nuna komai ba. Da azahar aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifin Rima da gasasshiyar zabuwa. Mutumin nan ya ci har ya kwance maɓallin wuyansa. Ya zagaya ɗakuna, ya danna katifa, ya shafa bango, ya leƙa rijiya, yana ta gyaɗa kai.

Muka dawo zaure tafinta ya buɗe takarda ya ce a faɗa masa ma'aikata. Na faɗi wakilin Rabah da na Goronyo, da mai barga, da masu ɗiban ruwa, da masu daka. Ana cikin haka Goggo ta shigo kwashe akussa. Zanen aikinta ne a jikinta, ya sha hayaƙi, hannunta da toka, haƙoranta ja da fure. Baturen ya nuna ta da lofensa ya yi magana. Tafinta ya ce wai yana tambaya ko ita ta yi girkin, kuma wace ce ita a gidan.

Na sha zama ina auna abin da ya shiga kaina a lokacin, kuma ba zan rage komai ba. Na farko, na san in na ce yayar ubana ce kuma da dukiyarta aka gina gidan, Bature zai ce to sai da yardarta, ita kuwa ba za ta yarda ba, mota ta tafi. Na biyu shi ne wanda ya fi muni. Kunyarta na ji. Ni da agogona a kan kujera, ga tsohuwa da toka a hannu, sai na ji ba na son Bature ya san daga bayan nan na sauko. Bakina ya buɗe na ce, “Kuku ce.”

A lura da yadda na faɗa. Mu a nan “kuku ta” za mu ce. Amma don in yi daidai da Bakanon nan, kada ya ɗauke ni baƙauye, har da karya harshe na yi, na ce “kuku ce”. Ko a cin amana sai da na yi kwalliya.

Goggo ta san kalmar. Turawa sun sha wucewa ta Wurno da kukunsu, mutumin da ke bin su a baya da tukwane, ana biyansa a wata, in ya ƙona miya a kore shi. Tana sunkuye tana haɗa akussa lokacin da na faɗa. Hannunta ya tsaya kaɗan, sannan ta ɗora ɗaya a kan ɗaya, ta miƙe ta shige. Baturen ya yi murna, ya ce lallai a rubuta ta a farko, don gidajen ba su da amfani gare shi in ba wannan girkin. Ina kallo tafinta ya rubuta ta a saman mai barga.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta canza mini komai ba. Tuwona na zuwa a kan lokaci, in na gaishe ta ta amsa. Sai na fara lallashin kaina cewa wataƙila ba ta ji ba, ai tsufa ya fara taɓa kunnenta. Abin da ban lura ba sai daga baya shi ne tun ranar ba ta sake cewa “na Goggo” ba. In tana son magana da ni sai ta fara maganar kawai.

Ciniki irin wannan sai an kai gaban alƙali a shaida. Muka taru da safe, ni da tafinta da wani wakilin kamfani, da limamin unguwarmu wanda abokin mahaifina ne tun suna samari, da mutanen gari masu son ganin ƙwaƙwaf. Alƙalin dattijo ne, ɗan Wurno, ya ci tuwon Goggo ba sau ɗaya ba. Aka karanta takarda. Ya dube ni ya tambaya ko akwai wani mai haƙƙi a gidajen nan bayan ni. Na ce babu. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Alƙali ya sake tambaya, a hankali, kamar mai ba ni hanya in koma. Na sake cewa babu, har da ɗaga murya, don mai ƙarya ya fi kowa saurin hasala.

Bai yi gardama da ni ba. Ya ce shi dai ya san akwai dattijuwa a gidan, kuma ba zai sa hannu ba sai an ji ta bakinta. Ya tashi muhutinsa, wato mataimakinsa a shari'a, da wani dattijo su je su tambaye ta, in tana da haƙƙi ta faɗa, ciniki ya tsaya nan take.

Ban taɓa zama mai tsawo irin wannan ba. Gumi ya jiƙa mini riga. Kalma ɗaya za ta faɗa, ga liman, ga rabin gari su shaida, in tashi maƙaryaci a gaban alƙali da mutanen Nasara. A zamanin nan wanda ya yi wa kamfanin Turawa irin wannan ba ya sake ɗaga kai, in ma bai kwana gidan yari ba. Wallahi a lokacin ba ita nake tunani ba, kaina nake tunani.

Suka dawo. Muhuti ya durƙusa ya ce sun same ta tana tankaɗe, sun faɗa mata saƙo, sun maimaita don ta gane. Alƙali ya ce mi ta ce. Ya ce, “Allah gafarta malam, cewa ta yi, ‘Ku tambayi mai gida. Ni kuku ce.’”

Wasu suka yi ’yar dariya, wai tsohuwar Wurno da Kananci. Tafinta ma ya murmusa. Ni kaɗai a wurin na san inda ta samo wannan “ce” ɗin. Ta adana ta ne yadda na faɗe ta, ba ta rage ko wasali ba, ta aiko mini da ita gaban alƙali. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga dama ta ƙarshe, in miƙe in ce ƙarya nake yi, uwata ce, gidajen nata ne. Ƙafafuna lafiya lau suke, bakina ma haka, amma na zauna. Alƙali ya daɗe yana dubana, sannan ya ce tunda mai haƙƙi ta ce ba ta da shi, shi ba zai ƙaƙaba mata ba. Aka dangwala hannu, aka yi fatiha.

A waje liman ya tare ni. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce ko na gane abin da ta yi. Ya ce ta gwammace ta rasa gida uku da a kira ɗan da ta goya maƙaryaci a bainar jama'a, kuma in je in nemi gafararta tun rana ba ta faɗi ba. Na ce to. Ban je ba. Na yi ta cewa sai ƙura ta lafa, sai na sayi mota ta gani da idonta, sai na gama ɗakinta na Sakkwato, sannan in zo da abin da zan nuna. Mai kunya irin tawa kullum yana da gobe.

Na kwashe iyalina muka koma Sakkwato. Na aika matata ta roƙe ta ta biyo mu, ta ce tana da baƙi. Na aika mata da rabonta daga cinikin, ta maido, ta ce a faɗa mini kuku albashi yake karɓa. Makullan rumbunan da suka shekara talatin a zanenta ta miƙa wa wani akawun kamfani, shi ke auna mata shinkafar da za ta dafa kowace safiya. Wanda ya ba ni wannan labari wani mai goro ne, a tasha, bai san ko ni wane ne ba. Yana ta yabon tsohuwar, yana cewa Allah wadaran ɗan da ya sayar da ita tare da katifu. Na ce amin.

Motar na saye ta. Ba zan ce ta lalace ko ta faɗa rami don labari ya yi daɗi ba. Ta yi aiki, ta haifi wata, da ita na ciyar da ’ya'yana na aurar da su. Wannan ma wani abin kunyar ne, don duk lomar da muka ci na san shanun wa ke cikinta.

Sai da aka shekara biyu sannan na iya taka Wurno. Na bar motar a bakin kasuwa don kada ta ji ƙararta, na cire agogo na sa aljihu, na tafi da ƙafa. An kafa allo da sunan kamfani a ƙofar gida. Bargar dawaki ta zama wurin shanya fatu, wari har waje. Amma zauren na nan yadda yake, an share shi tas, ƙamshin turarenta na tashi. A hanya na shirya maganata tsaf. Zan wuce zaure kai tsaye yadda na saba, in ɗebi ruwa a randa da kaina, in same ta a madafa in durƙusa in ce Goggo na yi laifi. Ko dukana za ta yi da muciya, na yarda.

Da na zo ƙofar cikin gida sai ƙafata ta ƙi. Gidan ba nawa ba ne, ni na sayar da shi, da wane ido zan kutsa? Sai na ji bakina ya yi sallama. Ni da aka haifa a ɗakin da ke bayan bangon nan, na tsaya zaure ina sallama.

Na ji takunta kafin in gan ta. Ta rame, ta ɗan ranƙwafa, zanen aikin nan dai. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni, na ga ta gane ni tun kafin ta fito, da murya. Na buɗe baki zan ce Goggo, sai ta juya ta koma ciki. Zuciyata ta yi sanyi, na ce za ta kira ni ke nan, ko ta turo a ce in shigo.

Ta dawo da ƙwaryar baƙi a hannu, da faifanta a rufe. Ta zo gabana, tsohuwar da ta goya ni, ta dafa gwiwa ta durƙusa da ƙyar, ta buɗe ta miƙo.

“Sannunku da hanya, malam. Kun zo lahiya?”

Na ce, “Goggo, ni na.”

Ta ce, “Ku sha, rana ta yi zahi.”

Ba fushi a fuskarta, da akwai da na ji daɗi. Fuskar da take yi wa kowane bafatake ce, mai kirki, mai fara'a, wadda na sha gani tun ina ƙarami ina alfahari da ita. Na san ba za ta tashi ba sai na karɓa. A gidanmu wanda ya ƙi ruwan nan ya zo da sharri ne, wanda ya sha kuwa ya yarda shi baƙo ne. Na duba ta bayanta, ga randar can a inuwarta ta da, ga moɗa a kai, taku goma bai kai ba.

Na karɓa na sha. Farau-farau ne mai sanyi da ɗan tsamin nono, irin wanda na shekara talatin ina gani ana kai wa mutane ban taɓa ɗanɗanawa ba. Hawaye na zuba ciki ina haɗiyewa. Ta jira har na gama, ta ce an share mini ɗaki na biyu daga dama, in ina son ruwan wanka in faɗa. Na rufe ƙwaryar da faifanta, na miƙa mata da hannu biyu yadda baƙi ke yi, na ce na gode.